Muryar Habboba da Foldar da Na Bari a Buɗe

Shekaru sun wanke mini abubuwa da yawa daga kai, har da waɗanda na so in riƙe. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu ba na jin zai sake ni. Shi ne ranar da na ji muryar tsohuwar da muka binne da hannunmu tana magana a cikin motar haya, da rana tsaka, mota cike da mutane suna saurare.

A lokacin ina da ɗan shago a gefen kasuwar Gadarif. Ina gyaran waya, ina buga wa mutane takardu, wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi ya kawo mini. Kwas ɗin wata uku kacal na yi a kan haɗa shafin intanet, amma in ka ga yadda nake ɗaga kafaɗa sai ka rantse ni na ƙera intanet ɗin da hannuna. 'Yan unguwa suna ce mini bashmuhandis, wato babban injiniya, ni kuma ban taɓa cewa su rage ba. Daɗi nake ji, gaskiya.

Unguwarmu ta jikokin mahajjata ce, waɗanda suka taso daga yamma a ƙafa, suka yada zango a nan da niyyar noman damina ɗaya, damina ɗayar ta zama zama na har abada. Ƙungiyar unguwar ta ga tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labaransu a ciki, sai ta ce a naɗi muryoyinsu a sa a intanet, jikoki su ji, dangin da ke can yamma ma su ji. Wa za a ba aikin in ba ni ba? Na kama hayar sabar, wato babbar kwamfutar da shafi ke zama a kanta, wadda duk mai buɗe shafin ita yake tambaya ta miƙo masa abin da yake so. Na ɗora mata manhajar da ke yin wannan miƙon, na bar ta yadda ta zo, ban leƙa saitinta ba ko sau ɗaya. Shafi ya buɗe, hotuna suka fito, shugaban ƙungiya ya sa mini albarka a gaban jama'a. A wurina aiki ya ƙare. Muryoyin duk na zuba su a folda ɗaya, kowace na yi mata madanni a kan shafin, a ƙarƙashin hoton mai ita.

Cikin waɗanda na naɗa har da wata tsohuwa da kowa ke ce wa Habboba, kalmar da ake kiran kaka da ita a nan. Ba kakata ba ce ta jini, amma a tsakar gidanta na girma, na sha godogodonta, kunun nan namu na gero, na sha ranƙwashinta. Ɗa ɗaya gare ta, wanda nake ce wa Kawu, babban manomin riɗi a wajen Doka, mutum mai kwarjini da ƙarancin magana. Ya gina mata ɗakin siminti har da fanka, ta ce ita ba buhun dawa ba ce da za a ajiye ta a sito, ta ci gaba da zamanta a ɗakinta na ciyawa.

Ƙarshen damina ta aika a kira ni. Na je, baƙar lakar nan tamu ta manne wa takalmina har ina jan ƙafa. Na same ta kwance a kan angareb, gadon igiya, ta rame ƙwarai, amma idon nan yana nan da kaifinsa.

"Ya waladi, yarona," ta ce, "wayar nan taka tana riƙe magana ko ba ka wurin?"

"Tana riƙewa, Habboba."

"To kunna ta ka ajiye mini nan, ka fita. Ƙofar gida na ce, ba ƙofar ɗaki ba. Na san kunnenka tun kana yawo tsirara."

Na yi dariya, na danna, na ce, "Ta fara ɗauka, Habboba, ni na fita." Na ja mata ƙyauren kwano, na je waje na tsaya kusan rabin sa'a ina kallon awaki. Da ta ƙwala mini kira na koma, na tarar idonta ya yi ja. Ta kama hannuna ta matse da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Wannan maganar ta Kawunka ce. Shi kaɗai, kai ma ban da kai. Kuma ba yanzu ba. In na tafi, ka jira sai ya gama yankan riɗi, don in yana cikin yanka hankalinsa ba ya jikinsa, kwana uku ya yi sakaci riɗin ya fashe ya zube a ƙasa. In ya gama ya huta, ka kira shi ɗaki, ka ba shi, ka fita kamar yadda ka fita yau. Ina so ya riga kowa ji, kuma ba idon kowa a kansa. Ka ji?"

"Na ji, Habboba."

"Ce wallahi."

Na ce wallahi.

Kuma ban saurara ba. Wannan kam ko yau aka kawo Alƙur'ani zan dafa. Inda na kasa shi ne daidai inda nake ganin na fi kowa iyawa. Wayar tawa ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta, sai tsoro ya kama ni kada wata rana ta tafi da amanar mutane. Na ce ina wurin da ya fi sabar aminci, ba ɓarawo, ba gara, ba yoyon ruwan sama? Na tura muryar can, cikin foldar nan da sauran muryoyin suke, sai dai ban yi mata madanni a shafin ba. A tunanina, abin da ba a nuna hanyarsa ba babu mai isa gare shi. Don kada in rikita ta da sauran kuma, na rubuta mata suna da manyan baƙaƙe: sirrin Habboba, kada kowa ya buɗe. Yau in na tuna sunan nan sai in ji kamar in mari kaina. Wane ɗan Adam ne zai ga wannan a rubuce ya wuce?

Sati biyu da 'yan kwanaki bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Ina cikin waɗanda suka sauke ta a kabari. Kawu ya yi kwana uku na zaman makoki ya koma Doka, don ganyen riɗi ya fara zuba, yanka ya ƙarato. Ni kuma na ci gaba da ƙirga kwanaki, ina jin kaina wani babban mai riƙon amana.

Wata Laraba, kwana goma ko sha ɗaya da rasuwar, na je Ƙala'at an-Nahal gyara wa wani ɗan kasuwa kwamfuta. Bayan azahar na shiga motar dawowa. Ga zafi, ga warin mai da na albasa, ga dawa hagu da dama ta fi mutum tsayi, ba abin kallo sai ita. Na jingina kai da taga na fara gyangyaɗi. Cikin gyangyaɗin nan sai na ji muryata tana fitowa daga bayan mota. Tawa ce sak, har da 'yar dariyar nan a ƙarshe: "Ta fara ɗauka, Habboba, ni na fita."

Na buɗe ido. Bakina a rufe yake. Sai ƙarar ƙyauren kwano, wadda na sani tun ina ƙarami. Sai busasshen tari, sau biyu. Na san mai tarin nan, kuma na san inda na baro ta.

"Bismillahi," in ji muryar. "Ɗana, in kana jin wannan, to na riga na tafi."

Direba ya rage waƙar da yake ji, sannan ya kashe ta gaba ɗaya. Fiye da rabin motar masu jin Hausa ne, waɗanda ba sa ji kuma suka yi shiru don ganin yadda fuskokinmu suka canza. Ban miƙe na hana ba. A haka na zauna na ji abin da na rantse ba zan ji ba, tare da mutanen da ban san yawancinsu ba.

Ta ce shekarar da suka je aikin gona Fashaga ita da mijinta, tana dafa wa masu yanka abinci, akwai wata baƙuwa cikin ma'aikatan, ba mai jin yarenta sosai, ga ta da tsohon ciki. Baƙuwar ta haihu a bukkar gona, zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu ta cika. Kafin ta cika ta ɗora jaririn a cinyar Habboba, ta kama hannunta ta aza a kansa. Su kuwa sun fi shekara ba sa gida, da suka dawo Gadarif da jariri a goye aka yi ta zuwa barka, ba wanda ya tambaya, su ma ba su ce komai ba. Allah bai ba Habboba wani ba bayansa. "Na so in faɗa maka sau dubu," in ji ta, "in na kalle ka sai bakina ya mutu. Wadda ta haife ka tana kwance a gindin wata aduwa, gabas da rafi. Ka je ka yi mata addu'a. Ita ma uwarka ce."

Sai a nan na farga. Na juya na daka tsawa, "Ya zol, bawan Allah, kashe wannan! Kashe!"

Mai wayar wani magidanci ne cikin farar jallabiya, ban taɓa ganinsa ba. Ya kashe, ya dube ni da mamaki. "Ma'alesh, ɗan'uwa, yi haƙuri, me ya yi zafi? Labarin tsofaffi ne, a shafin ƙungiyar nan ta Gadarif na samu."

"Ƙarya ne! Ni na haɗa shafin, wannan ba ta ciki."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya miƙo wayar, aka yi ta wucewa da ita hannu-hannu har ta iso ni. "Ni mai son labaran nan ne," ya ce. "Da na gama na kan shafin na ce ko akwai saura, sai na goge wutsiyar adireshin. Ga abin da ya fito mini."

Farin shafi ne fes, ba hoto, ba ado. Sunayen fayilolin da ke cikin foldar ne jere reras, kowane da girmansa da ranar da aka sa shi. Ashe manhajar nan da ban taɓa leƙa saitinta ba haka aka yi ta: in ka tambaye ta folda, ta duba ba ta ga shafin da za ta nuna maka ba, sai ta zazzage maka jerin duk abin da ke ciki. A tsakiyar jerin ga manyan baƙaƙena suna kallona.

Wata mata a gabana ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "Allah ya jiƙanta. Wai wane ne ɗan nata?" Wani dattijo kusa da ƙofa, ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Na san muryar nan, ɗa ɗaya gare ta. Mai riɗin Doka ne." Daga nan har Gadarif direban bai sake kunna waƙarsa ba.

Ina sauka ban bi ta gida ba, shago na nufa da gudu. Na shiga sabar, na goge fayil ɗin. Na gwada adireshinsa, aka ce babu shi, da wasu dogayen rubuce-rubuce a ƙasa da ban tsaya karantawa ba. Na ce wa kaina ai mutum ɗaya ne mai bin ƙwaƙƙwafi, sai fasinjan mota ɗaya, Kawu kuwa yana can tsakiyar gona inda shabaka, wato sabis ɗin waya, ke zuwa tana ɗaukewa. Na iya lallashin kaina, wannan baiwa ce da Allah ya yi mini.

Washegari da safe na buɗe shago, zuciyata ta ƙi kwanciya. Sabar tana da rajista, inda take rubuta duk wanda ya nemi wani abu, da ranar, da sa'a, da irin wayarsa, da abin da aka ba shi. Tun da na kafa shafin ban taɓa buɗe ta ba sai ranar. Na ga sunan fayil ɗin yana ta maimaituwa, layi bayan layi, tun kwanaki da yawa baya. Amma abin da ke can ƙasa shi ya fi muni. A safiyar nan, sau uku, an nemi fayil ɗin, kuma an bayar. Fayil ɗin da na goge jiya da hannuna.

Na ce kuskure ne, na danna adireshin da ke kan layin don in tabbatar. Rana ta fito tas, matar da ke sayar da shayi a ƙofar shagona tana wanke kofuna, masu raksha, babur mai ƙafa uku, suna ta hon. Sai ga tarin nan, sau biyu, daga lasifikar kwamfutata. Ban san lokacin da na fizge wayar wuta daga bango na fita na tsaya a rana ba. Ni da nake yi wa mutane dariya in sun ce aljani ya shiga musu waya, ranar nan duk abin da na haddace sai da na karanta.

Ina da 'yar goggo a Kasala, abokiyar wasata, aikinta kula da irin waɗannan na'urori ne, kuma ita ta yi karatun da gaske. Shekara biyu tana cewa in bari ta duba mini shafin, ina ce mata ta je ta duba tukunyarta. Ranar nan na haɗiye girman kaina na kira ta.

"A'a, yau bashmuhandis da kansa? Intanet ɗin ne ya ƙare?"

"Ba wasa ya sa na kira ba."

Ta ji yadda muryata take, ta bar tsokanar. Na faɗa mata komai, ban da abin da tsohuwar ta ce. Ta ce, "Kada ka ba ni kalmar sirri. Ba ni adireshin shafin kawai, ka riƙe layi."

Ina jin ƙarar yatsunta. Ba a yi minti goma ba ta fara karanto mini cikin gidana daga Kasala. Ta faɗi sunan manhajar da ke kan sabar da shekarunta, ta ce sabar da kanta ke liƙa wannan a jikin kowace amsa, kuma tsohuwa ce, an daɗe da sanin inda take yoyo. Ta ce da ta nemi fayil ɗin da na goge, saƙon kuskuren da ya fito ya zayyana mata hanyar foldojin tun daga tushe. Ta bi hanyar, ta hau mataki ɗaya, ta ga wata folda mai suna ajiya a buɗe. Sai a lokacin na tuna. Tun farko na saita sabar ta riƙa kwafe komai duk Juma'a, kuma a nan cikin fili na ce ta riƙa zubawa. Habboba tana ciki har kwafi huɗu, su ne ake ta ɗauka bayan na goge na farkon. Daga nan ta karanto mini lambobin wayar 'yan ƙungiya, sannan ta karanto mini kalmar sirrina, harafi bayan harafi, daga wani tsohon fayil ɗin saiti da na manta da shi.

"Ta yaya kika fasa?" na ce.

"Ban fasa komai ba, ya miskin. Tambaya na yi, sabarka ta ba ni amsa. Duk wanda ya tambaya haka za ta ba shi."

A waya muka wuni. Ta sa na fara kashe jerin nan, yadda duk mai neman folda zai ji an hana shi kawai. Na kwashe foldar ajiya gaba ɗaya daga inda baƙo zai iya kaiwa, da lambobin mutane, da tsofaffin fayilolin saiti. Muka rufe wa saƙon kuskure baki, ya riƙa cewa ba a samu ba, dogon bayanin ya tafi rajista inda ni kaɗai zan gani. Muka cire sunan manhajar da shekarunta daga amsoshi, na ce to halas, an gama. Ta ce, "Halas ina? Ɓoye shekarunta ya mai da ita sabuwa ne? Sabunta ta." Na sabunta, na canza duk kalmomin sirri. A ƙarshe ta sa na ari wayar mai shayi na dawo wa shafin kamar baƙo, ina goge wutsiyar adireshi ɗaya bayan ɗaya, ina neman abin da bai kamata in samu ba. Sai wajen la'asar ko'ina na taɓa aka ce mini a'a.

"Naka ya rufu," ta ce. "Wanda ya riga ya fita kuwa, ba ni da makullinsa, kai ma ba ka da shi. Wanda aka yi maganar dominsa ya ji?"

Ban sani ba. Habboba ta so Kawu ya riga kowa ji, wannan ya riga ya lalace. Saura ɗaya, ya ji a keɓe, ba ido a kansa. Na ce ko yanka bai ƙare ba gara in kai masa da hannuna kafin ya tsince ta a bakin hanya. Na kwafi rajistar a wayata, ban ma san dalili ba, ranar Juma'a da sassafe na hau lorin Doka.

Na isa gonar da hantsi. Masu yanka sun sunkuya a jere da laujensu, riɗin da aka yanke an jingina shi dami-dami yana shan rana. A irin waɗannan kwanaki Kawu ko abinci a tsaye yake ci. Amma na same shi zaune a ƙarƙashin rumfa shi kaɗai, hannuwa a kan gwiwa, shayi ya huce a gabansa. Ma'aikatan da suka hango ni suka kawar da kai.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa har da tambayar mutanen gida. Sannan ya ce, "Zauna, ɗan nan. Na san abin da ya kawo ka."

Ya ce ranar Talata abin ya faru, kwana ɗaya kafin ni ma in ji. Ma'aikata sun zauna faɗur, abincin hantsi, shi kuma yana zagaya dammunan riɗi yana duba ko sun bushe. Sai ya ji muryar innarsa daga bayansu. "Na ɗauka kaina ne ya taɓu," ya ce. "Na bi muryar. Na tarar sun kewaye wayar wani direban lori, sun fi su goma. Da suka gan ni, mai wayar ya rikice ya kasa kashewa. Ni ma ban ce ya kashe ba. Na tsaya a kansu har ta gama, kowa ya zuba mini ido, ana jira a ga yadda fuskata za ta yi." Bayan sun watse ya sa direban ya tura masa adireshin, ya shiga motarsa ya rufe gilashi, ya buɗe da kansa ya sake ji.

Na fara bayani. Folda, jeri, saiti, kwafin Juma'a, rajista. Ina jin kaina ina zuba kamar mai tallar magani a kasuwa, na kasa tsayawa. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"Ka ce injin yana rubuta duk wanda ya ɗauka?"

"Yana rubutawa, Kawu."

"To duba mini. Ni na nawa ne?"

Na so in ce ban zo da ita ba. Wallahi har ƙaryar ta zo bakina, na kalle shi, ta koma. Na ciro waya na nemo Talata, wajen sha ɗaya da rabi, na ga layin mai irin wayarsa. Na ƙirga daga sama da yatsa, a hankali, ina fatan in na kai ƙarshe adadin zai ragu.

"Na talatin da takwas, Kawu."

Ban ƙara da cewa waɗanda suka ji a wayar wasu, irin ma'aikatansa da fasinjan motarmu, ba sa cikin rubutun ba. Ya sani.

"Shekara hamsin da biyu tana ɗauke da maganar nan ita kaɗai," ya ce, "tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Kai da karatunka, wata ɗaya ya fi ƙarfinka."

Bai ɗaga murya ba. Da zagina ya yi, ko ya mare ni a gaban ma'aikatansa, da na fi samun sauƙi. Ya miƙe ya ciro lauje daga jikin rumfar, ya shiga cikin masu yanka ya sunkuya, abin da ya daina yi shekara da shekaru. Na zauna a wurin har rana ta karkata, ba wanda ya ce mini tafi, ba wanda ya ce mini zauna.

Da aka gama kakkaɓe riɗi ya tafi Fashaga, ya yi sati ɗaya ya dawo. Ko ya sami kabarin ban sani ba, ba ni kuma da fuskar tambaya. Har yau muna gaisawa. Amma ya daina zama a majalisar kasuwa inda ya saba, in ana sha'ani sai ya zo ya yi addu'a ya tafi kafin a fara hira. Ba wanda ya taɓa ce masa komai, kallon ne ba ya iya ɗauka. Ni ma abin bai bar ni ba. Bara waccan wata mata ta kawo waya lasifika ta toshe, na gyara, na danna abin da na fara gani cikin waƙoƙin bikinta don gwaji, sai ga tsohuwar tana magana a shagona, shekaru bayan na rufe ko'ina. Na kashe, na miƙa wa matar wayarta, na ce ta gyaru.

Abin da wannan ya koya mini, sabar ba ta san kunya ba, ba ta san amana ba. Duk abin da aka tambaye ta, in ba a hana ta ba, za ta bayar, ko wane ne mai tambayar. Yanzu duk shafin da na kafa, kafin in ce wa mai shi an gama, sai na kashe jeri, na kwashe abin da ba na baƙi ba, na sabunta manhaja, sannan in fita in dawo masa a matsayin baƙon da ba ya nufin alheri. Rajista kuwa duk sati nake karanta ta. Akwai kuma maganar da ko kulle goma aka yi mata ba na yarda ta hau intanet. Na rantse ba zan saurara ba, na kuma cika, ina ganin amanar ke nan. Ban san amana ta haɗa da duba inda ka ajiye ta ba, sai da mutum talatin da bakwai suka riga ɗa jin maganar ƙarshe ta uwarsa.